Kaka a ƙasar Arewa: Wa zai gaji dandali a Dogon Dutsi da Tibiri?

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba ne lokacin da garuruwan gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, suka fi cika da matasa. 'Yan makaranta suna hutu, 'yan cirani sun dawo noma, gero ya fara nuna. A wannan ɗan tsakanin ne ake yin mafi yawan wasanni da kiɗe-kiɗen shekara: wasan kwaikwayon ɗalibai, kokawar ƙauyuka, kiɗan 'yan mata a dandali, da wasan masu goge da ƙwarya.

Ba a buga jadawalin waɗannan wasanni a jarida, ba a kuma sayar da tikitinsu a intanet. Sanarwarsu tana tafiya ne ta bakin maroƙi, ta ranar kasuwa, ta gidan rediyon al'umma, yanzu kuma ta WhatsApp. Sai dai a 'yan shekarun nan lokacin yana ƙara gajarcewa. Matsalar tsaro, tafiya cirani da wuri da rashin mai ɗaukar nauyi sun sa abin da a da ake kwana ana yi, yanzu ana tashi kafin dare ya raba.

Wace Arewa ake nufi?

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ɗauka arewacin Najeriya ake magana. A Nijar kuwa, Arewa sunan ƙasar Arawa ne, waɗanda maƙwabtansu Zabarmawa ke kira Mawri. Ƙasar tana shimfiɗe ne a kwarin Dallol Mawri, tana iyaka da jihohin Kebbi da Sakkwato. Dangin Arawa suna nan a tsallaken iyaka, a ƙaramar hukumar Arewa ta jihar Kebbi mai hedikwata a Kangiwa.

Garin Dogon Dutsi yana kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai. Gundumarsa ta ƙunshi Matankari, Ɗan Kasari, Kiyeshe, Dogon Kirya da Sukukutan. Tibiri kuwa ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tare da Gesheme, Dumega da Kore Mai Ruwa. Kada a haɗa ta da Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi.

Tarihin baka na yankin yana cewa sarautar Arewa ta samo tushe ne daga wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, wanda ɗansa Akazama ya zama Sarkin Arewa na farko. Kafin zuwansu akwai Gubawa, masu ƙasa, waɗanda cibiyoyinsu na gargajiya suke Lugu da Bagaji. Wannan rabon aiki tsakanin masu sarauta da 'yan ƙasa yana cikin abubuwan da masanin nan ɗan Faransa, Marc-Henri Piault, ya yi bayani a littafinsa na tarihin Mawri da ya fito a 1970. Har yau kirarin makaɗa da labaran da ake mayarwa wasa daga nan suke ɗebo kayan aikinsu.

Agusta da Satumba: Lokacin 'yan makaranta

Zangon farko na ɗalibai ne. Babban hutu a Nijar yana kamawa daga Yuli har zuwa komawa aji a wajen farkon Oktoba, don haka ɗaliban jami'o'in Yamai, Dosso, Tawa da Maraɗi sukan dawo gida su taya iyaye noma. Da yamma kuma ƙungiyoyinsu na 'yan asalin gari kan shirya gasar ƙwallon hutu da daren al'adu, a gidan matasa ko a farfajiyar makaranta.

A irin wannan dare ne ake ganin gajerun wasannin kwaikwayo. Kayan aikin ba su da yawa: tabarma, benci, tsohuwar babbar riga, gemun auduga da lasifika ta haya. Jigogin ma sanannu ne ga kowa a wurin: auren wuri, cire yarinya daga makaranta, ɗan cirani da ya dawo hannu rabbana yana ƙaryar arziki, rikicin gona tsakanin 'yan uwa, shaye-shayen ƙwayoyi. Sau da yawa babu rubutaccen wasa. Ana zama a tsara labarin, a raba matsayi, kowa ya zo da maganarsa a bakinsa.

Abin da ya fi tayar da dariya shi ne wasan taubasantaka. Idan aka sa Ba'are da Bafillace a fage ɗaya, 'yan kallo sun san za a yi ba'a mai zafi ba tare da kowa ya ji haushi ba. Wannan al'ada ta wasa tsakanin ƙabilu da dangi tana da nauyin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gadon ɗan'adam da sunan Nijar a 2014. A fagen wasa tana ba matasa damar faɗin abin da ba za su iya faɗa wa dattijo ido da ido ba.

Ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Nijar a 1960 wadda kuma ake dashen itatuwa, rana ce da ƙungiyoyin rawa da waƙa kan fito gaban hukumomi.

Kara ya bushe, wasa ya tashi

Da zarar an yanke gero an ɗaure dammuna, sai karan da aka bari a gona ya zama kayan wasa. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin wasan kara, inda samari ke naɗa wa junansu muƙamai: wannan sarki, wannan alƙali, wannan kwamanda, wannan likita. Da kara ake ƙera bindiga, tabarau, agogo, rediyo, har da mota. Ana kwaikwayon tafiyar manya da maganarsu, su kuma manyan suna zaune suna kallo. Damagaram ce ta fi shahara da wannan wasa a Nijar, inda ake kwaikwayon shugabannin ƙasa da gwamnoni a gaban su kansu.

Muhimmancin wasan kara ya wuce dariya. Makaranta ce ta koyon shugabanci, domin wanda aka naɗa sarkin wasa dole ya tara abinci, ya sauki baƙi daga wasu ƙauyuka, ya raba faɗa. Kuma hanya ce da talaka ke nuna wa mai mulki yadda ake ganinsa, cikin raha, ba tare da an kai kowa gaban hukuma ba. Masu nazarin adabin Hausa suna lissafa shi, tare da tashe na watan azumi da wasan gauta na matan fada, cikin tushen wasan kwaikwayon Hausa tun kafin zuwan Turawa.

Kaka kuma ita ce lokacin masu sana'ar hannu. Sabuwar ƙwarya ta shigo kasuwa, masu zane suna ƙona mata ado da wuƙa mai zafi. Mata suna saƙa faifai da tabarmi na kaba don kayan ɗakin amare, tunda yawancin bukukuwan aure ana ajiye su ne sai an ga abin da gona ta bayar. Maza suna gyaran rumbuna. Babu ɗakin baje kolin zane a nan, amma wanda ya zaga rumfunan kasuwar Dogon Dutsi ko ta Matankari a watan Oktoba zai ga aikin hannu da ya isa a tsaya kallo.

Kokawa: Fagen da bai taɓa rasa 'yan kallo ba

Cikin dukan wasannin kaka, kokawa ce ta fi tara jama'a. Ƙauye kan gayyaci ƙauye, a share fili, makaɗa su jeru. Kafin a kama, ɗan kokawa zai fito da layu da guraye, ya yi kirari, ya ambaci garinsu da waɗanda ya kayar, ya taka rawa. Wanda ya lura zai ga cewa rabin abin da ake kallo wasan kwaikwayo ne: shiga, tafiya, cika baki, da amsar makaɗi. Mawaƙan fage irin su Sagalo sun yi suna a Nijar kamar yadda 'yan kokawar da suke wa waƙa suka yi.

Daga waɗannan filaye ne ake tace waɗanda za su wakilci gunduma, sannan jiha, a gasar takobin ƙasa. An fara wannan gasa a Tawa a 1975, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. A yau kowace daga jihohi takwas na ƙasar tana kawo 'yan kokawa 10, wato 80 ke nan, ana kuma zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha a ƙarshen shekara.

Jihar Dosso tana da abin alfahari a nan. Filin kokawar birnin Dosso yana ɗauke da sunan tsohon zakara Salma Ɗan Rani. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobin sau shida da sunan jihar, na shidan a Agadas a ƙarshen Disamban 2023. A Disamban 2024 kuma Dosso ce ta karɓi baƙuncin gasar karo na 45. Yaron da ke kokawa a bayan gari a Gesheme ko Kore Mai Ruwa ya san akwai hanya daga filinsu zuwa talabijin na ƙasa. Ɗan wasan kwaikwayo na garin ba shi da irin wannan tsani, kuma wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin fagagen biyu.

Goge da ƙwarya

Ba za a yi maganar wasannin Arewa a tsallake bori ba. Yankin ya yi suna da shi ƙwarai, kuma bayan girbi ne aka fi yin wasanninsa, lokacin da mutane ke da hatsin da za su ciyar da baƙi da abin sallamar makaɗa. Mai goge ne ke ja, masu ƙwarya suna amsawa, kowane iska da takensa da tufafinsa da irin tafiyarsa.

Ga masu yinsa, bori magani ne da bauta, ba nishaɗi ba. Malaman addini kuwa sun daɗe suna wa'azi a kansa, kuma yawancin mutanen yankin a yau Musulmi ne da suka nisance shi. Masaniyar nan Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafi a 2001 kan yadda bori ke ja da baya a garin yayin da addini ke ƙara ƙarfi. Abin da ya shafi masu nazarin fasaha shi ne kiɗan: taken goge da kirarin da ke tare da shi suna ɗauke da tsofaffin kalmomi da sunayen wurare da ba a rubuta su ko'ina ba. Duk mai gogen da ya rasu bai koya wa kowa ba, da su yake tafiya.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi 'yan cirani kai tsaye. A wajen 1925, a ƙasar Kurfai mai maƙwabtaka da Arewa, wata mata mai suna Shibo ta jagoranci wani sabon salo da aka kira Babule ko Hauka, inda masu hawa ke kwaikwayon kwamandoji da sojojin Faransa. Hukumar mulkin mallaka ta kama su ta ɗaure. 'Yan cirani suka tafi da abin har Gwalkwas, Ghana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Les Maîtres fous a yankin Akara a 1954. Wato tun kusan shekara 100 da suka wuce, abin da aka ƙirƙira a wannan yanki yana bin 'ya'yansa zuwa bakin teku.

Sarauniya: Labarin gida da aka fi sani a waje

Babban labarin da Arewa ta ba duniya shi ne na Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙaramar hukumar Ɗan Kasari. A watan Afrilun 1899 ne mutanenta suka gwabza da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, rundunar da ta ƙone garuruwa da dama a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Marubuci Abdoulaye Mamani ya mayar da labarin littafi a 1980. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Abin lura shi ne a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma 'yar wasan ƙasar, Aï Keïta, ce ta fito a matsayin Sarauniya. Littafin da Faransanci aka rubuta shi. A Yamai akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, hukumomin soja na yanzu kuma sun ƙirƙiro lambar girmamawa da sunanta. Amma yaron Lugu ko Bagaji da ke son ganin labarin kakanninsa a fage, da Hausar garinsu, sai dai ya jira ɗalibai su shirya ɗan guntun wasa a lokacin hutu. Ga dutsen Tunguma da ake kai ƙara gabansa, ga sarautar Baura ta Bagaji, ga labarin Kona na Dogon Dutsi da Samna na Tibiri: kayan da za su ishi marubuta wasa shekaru suna aiki.

Lokacin da gwamnati ta riƙe fage

Dattawan yankin suna tuna wani zamani dabam. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma kafa bikin matasa na ƙasa. Ana fara gasa daga ƙauye, a haura gunduma, a haura jiha, har a kai matakin ƙasa, a fannonin wasan kwaikwayo, rawa da waƙa, cikin harsunan gida. Kowace gunduma tana da dalilin yin atisaye tun daga kaka.

A wannan zamani ne wasan kwaikwayon Hausa na Nijar ya bunƙasa a rediyo da talabijin. Sunan da ya fi fice shi ne Yazi Dogo, ɗan ƙasar Arewa, malamin makaranta da ya yi suna da ƙungiyar wasa ta gidan rediyon Damagaram kafin ya koma Yamai. Ba'amurkiya Janet Beik ta rubuta littafi a 1987 kan wannan salo, inda ta nuna cewa ƙungiyoyin suna ƙirƙirar wasa ne tare, da baki, ba tare da rubutu ba. Chaïbou Dan Inna kuma ya keɓe littafi guda kan Yazi Dogo da fasaharsa.

Tsarin yana da nasa aibin, domin gwamnati ce ke zaɓar saƙon da take so a isar, kuma ba a cika sukar ta a fage ba. Amma ya samar da abu uku da suka yi ƙaranci a yau: lokaci tsayayye, wurin atisaye, da gasa mai lada. Da aka shiga siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, samariya ta watse, kuɗin al'adu ya ragu, aka bar ƙungiyoyin wasa suna jiran kwangilar faɗakarwa daga ƙungiyoyin agaji. Wasa ya koma na allurar rigakafi da tsaftar ruwa. Saƙonni ne masu amfani, sai dai idan aikin ya ƙare, ƙungiyar ma takan ƙare.

Abin da ke cin lokacin

Na farko shi ne tsaro. Arewacin gundumar Dogon Dutsi da bakin iyakar Najeriya sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji masu gadin bututun man Nijar zuwa Benin a yankin Tibiri. A irin wannan hali hukumomi kan taƙaita zirga-zirgar babura da taron dare, alhali da babur ɗan kokawa da makaɗi ke zuwa ƙauyen da aka gayyace su, kuma da dare ake wasan dandali.

Na biyu shi ne cirani. Idan damina ba ta yi kyau ba, saurayi ba ya jiran a gama sussuka. Yana ɗaure dami na ƙarshe zai nufi Yamai, Sakkwato, Legas, Kwatano, Abijan ko Libiya. Noman rani, musamman na dankalin Turawa da Dogon Dutsi ta yi suna da shi, yana riƙe wasu a gida, amma bai kai ya riƙe kowa ba.

Na uku ita ce waya. Fina-finan Kannywood da gajerun bidiyon TikTok sun shiga kowace fada, wato majalisar samari masu shan shayi, wadda Masquelier ta sake yin littafi a kanta a 2019. Waya tana ɗauke 'yan kallo, amma kuma ita ce ke kai kokawar ƙauye ga ɗan garin da ke Abijan a daren da aka yi ta. Matsalar ita ce bidiyon yana yawo babu sunan gari, babu kwanan wata, babu sunan makaɗi, kuma yana ɓacewa ranar da wayar ta lalace.

Abin da ke hannun 'yan gari

A Yamai ana ta maganar dawo da martabar al'adun gida. A watan Oktoban 2024 aka sauya sunan cibiyar al'adun Faransa da Nijar zuwa ta Moustapha Alassane, ɗaya daga magabatan sinimar ƙasar. Bikin makiyaya na Ingal a watan Satumba da bikin kamun kifi na Argungu a maƙwabciyar jihar Kebbi sun nuna cewa biki mai tsayayyen lokaci da suna yana jawo hukuma da 'yan kasuwa. Arewa tana da kayan, abin da ta rasa shi ne mai haɗa su wuri guda.

Wasu matakan ba sa buƙatar jiran ministan al'adu. Ƙananan hukumomi 10 na gundumomin biyu za su iya tsayar da mako guda bayan girbi don gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantu da fadodi, da rana tsaka idan dare bai yiwu ba. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗin gina masallaci da gyaran rijiya, za su iya ɗaukar nauyin lasifika, janareta da kyautar gasa. Ɗalibai masu waya za su iya zama da tsofaffin 'yan samariya da makaɗa, su naɗi muryoyinsu da izininsu, su rubuta suna da gari da shekara, su ba gidajen rediyon al'umma kwafi.

Ga wanda ke shirin zuwa gida a bana, Oktoba da farkon Nuwamba ne lokacin da ya fi dacewa da kokawa da kasuwar kayan hannu, Agusta da Satumba kuma na wasannin ɗalibai. A tambayi 'yan uwa halin hanya kafin a tashi, a yi tafiya da rana, a kuma bi umarnin hukuma kan babura. Idan aka isa fage, a tuna cewa makaɗi da ɗan wasa ba su da albashi. Abin da 'yan kallo suka miƙa musu shi ne zai sa su dawo baɗi.